Amshin Anti

Mu uku ne muke waƙa a bukukuwan matan Hausawa na Greensboro: ni da Anti da autarmu. Yau idan aka tambayi autar nan yadda ta fara, cewa take ita kaɗai ta taso, daga ita sai baiwar da Allah Ya yi mata. Da kunnena na ji ta faɗi haka a wata hira da aka sa a intanet, na rufe kwamfutar da ƙarfin da sai da murfinta ya tsage. Murya kam Allah Ya ba ta, ban taɓa musun wannan ba. Amma wai ita kaɗai? Ƙarya take yi, kuma ta san ƙarya take yi.

Anti ba 'yar uwata ba ce ta jini. Garinmu ɗaya, Maraɗi, kuma ita ta sauke ni lokacin da na iso ƙasar nan a farkon shekarun dubu biyu, da akwati ɗaya da rigar sanyin da ba ta tare komai. Gidanta yana hawa na biyu a jerin gidajen hayar da ke bayan manyan kantunan Wendover, inda ƙarar motoci ba ta yankewa. Mijinta ya rasu tun kafin in zo, ɗanta ɗaya tilo kuma direban tirela ne, sai ya yi sati uku bai kwana a gari ba. Ni na samu aiki a wani katafaren sito, muna ninke tufafi muna cusawa a kwali tun safe har ƙafa ta kumbura. Ita kuma Anti raino take yi a falonta. Autarmu tana cikin yaran da ta raina. Uwarta aiki biyu take yi, saboda haka a ƙofar Anti motar makaranta ke sauke ta, a nan take cin tuwo, a nan ta girma. Lokacin da na zo tana da shekara sha shida, har Anti ta fara koya mata waƙa.

Kayan kiɗanmu abin dariya ne. Ƙwarya ɗaya ce ta gaskiya, Anti ta zo da ita daga gida a cikin akwati, ta tsage a hanya ta ɗinke ta da hannunta. Ta biyun robar salak ce da muka saya a Wendover, mu kife ta a cikin baho da ruwa, in riƙa bugunta da tsinkayen cin abincin 'yan China da muka ɗaure da roba. Duk wadda ta gani sai ta yi dariya, amma da an fara bugu dariyar ke komawa guɗa.

Waƙar mata irin tamu kashi biyu ce, akwai mai ja, akwai masu amshi. Mai ja ta jefo baiti, masu amshi su cafe su mayar mata, ta samu ta numfasa ta jefo wani. Anti ce ke tsara waƙoƙin, amma ta bar wa yarinyar ja ta koma amshi tare da ni, wai muryarta ta fara tsufa, ta yarinyar kuwa tana kaiwa har bayan ɗaki. Doka ɗaya Anti ke da ita, kuma a kanta na sha harara: mai amshi ba ta buɗe baki sai mai ja ta sauke nata. Ni kuwa ga ni da gaggawa, baitin bai ƙare ba na shigo.

"Wa ya kira ki da za ki amsa?" in ji ta. "Ki jira a kira ki tukuna."

A gaban mutane ba ta cewa komai. Juyowa kawai take yi ta kalle ni da gefen ido, hannunta bai bar ƙwarya ba, ni kuwa in ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Da haka ta horar da ni har abin ya zauna mini a jiki. Ko a mota nake ni kaɗai, amshi nake rerawa, in bar gurbin mai ja a cikin kaina.

Akwai waƙarta ɗaya da mata suka fi so, ta zaman nesa da gida. Mai ja ta ce, "Na yi kira daga nesa, ko da mai ji na?" Mu kuma mu ce, "Muna ji, 'yar uwa, muna nan." Na ga manyan mata, waɗanda ke ɗaga kwalaye sati guda ba su ce wash ba, suna share kwalli da bakin gyale a kan wannan baitin.

Bukukuwan nan na mata ne zalla. Mukan ari ɗakin taron unguwa ranar Asabar da la'asar, a rufe tagogi da zannuwa, a ajiye kwando a bakin ƙofa. Duk mai kyamara a nan za ta sa ta, domin mata na cire gyale su taka rawa, kuma babu wadda ke son hotonta ya je hannun surukarta a Damagaram tana girgiza kafaɗa. Ni kaina na sha tsare kwandon nan, kuma ban taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba. Sakamakon haka, duk shekarun da Anti ta yi tana waƙa a garin nan, babu wanda ya ɗauki muryarta ko ta minti ɗaya.

Sau ɗaya tak aka ɗauka, kuma dabarar autar ce. A shekarar dubu biyu da huɗu ta samo wani mutum a McLeansville da ya mayar da garejinsa situdiyo. Muka shiga mota wata Asabar da rana, muka wuce gonaki da gidaje ɗai-ɗai har Anti ta fara tambaya ko sayar da mu za a yi. Mutumin ya so ya sa mata abin ji a kunne, ta ce sai dai ya ɗora shi a kan ɗaurin kallabinta, haka kuwa aka yi. Waƙa huɗu muka rera. Ya ce mu dawo mu karɓa idan ya gama gyarawa. Ba mu koma ba. Sau ɗaya na tuna wa Anti, ta ce, "Me za ki yi da shi? Ba ga bakinmu nan ba? Asabar ma za mu yi ta." Na ga gaskiyarta, na bar maganar. Wannan sakacin nawa ne da nata, ba zan ɗora wa kowa ba.

Shekarar da ta biyo baya yarinyar ta fara ɗauke ƙafa. Yau tana da jarrabawa, gobe kanta na ciwo. Wani suna muka zauna ni da Anti da baho da ƙwarya, mata sun cika ɗaki, mai ja ba ta zo ba, ba ta kuma yi waya ba. Anti ta yi ta buga ƙwarya ita kaɗai har abinci ya huce. Bayan kwana uku sai ga ta a falon Anti da tabarau a saman kai, ko zama ba ta yi sosai ba.

"Anti, ina so in gwada ni kaɗai," ta ce. "Ina da producer yanzu. Ya ce muryata za ta iya zuwa far, amma sai an canza style."

Anti ta dube ta, ta dubi ƙwaryar da ke rataye a bango, ta ce, "To, Allah Ya ba da sa'a, 'yar nan."

Ni ban iya wannan haƙurin ba. Na ce mata tuwon gidan nan ne ya buɗe mata maƙogwaro, na ce mata ko kunya ba ta ji ba ta bar tsohuwa da ƙwarya a gaban jama'a. Ta ce, "Yaya, it's not personal." Na ce ta yi mini Hausa ko ta fita. Ta fita.

Faifanta ya fito kafin ƙarshen shekara. A kantin kayan Afirka na gan shi, tsakanin busasshen kifi da daddawa, ga hotonta a bangon faifan ta jingina da wata motar da ba tata ba. Na saya don in ji da kunnena, ba don so ba, na sa shi a mota. Waƙar Anti ce ta farko. An cire ƙwarya an sa gangar inji, an cusa Turanci a tsakiya, duk wannan na haɗiye. Sai ta ce, "Na yi kira daga nesa, ko da mai ji na?" Na buɗe baki ban sani ba, jikina ya saba. Kafin in ce komai sai na ji an amsa, kuma muryarta ce, an ninka ta gida uku. Ita ta yi kira, ita ta amsa wa kanta. Ban taɓa jin rashin kunya irin wannan ba a waƙa. Na fitar da faifan na jefa shi kujerar baya, na kuma rantse ba za a sa shi a gidan Anti ba muddin ina numfashi.

Abin haushi, ya karɓu. Direbobin tasi suna sa shi, samarin sitonmu suna sa shi a wurin ajiye motoci lokacin hutun rana. Aka fara gayyatarta Atlanta da Bronx, tana hawa dandamali a gaban maza da mata, faifai na amsa mata daga lasifika. Sunan Anti babu shi ko a bayan bangon, inda ta gode wa mai gyaran gashinta.

Anti ta faɗi ne a bazarar dubu biyu da shida, lokacin da ƙurar furen itatuwa ke mayar da motocin garin rawaya. Uwar wani yaro da ta zo ɗaukar ɗanta ce ta same ta a ƙasan kicin. Ta rayu, amma ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Tana ji, tana ganewa, idonta na bin mutum, amma ko "to" ba ta iya cewa. Ɗanta ba zai iya ajiye tirela ba, sai na tattara kayana na koma gidanta, na roƙi a mayar da ni aikin yamma, maƙwabciya na zama da ita idan na fita. Autarmu ta zo asibiti sau ɗaya da furanni da balan-balan, ta yi minti goma, wayarta ta yi ƙara, ta tafi.

Matar da ke koyar da magana a asibitin ta gaya mini cewa wani lokaci masu irin wannan ciwon sukan iya waƙa ko da magana ta gagara. Ta ce in riƙa yi mata waƙar da ta sani. Na riƙe wannan maganar da hannu bibbiyu. Kullum da safe idan ina yi mata wanka, ina shafa mata mai, ina taje mata furfura, sai in rera mata, "Muna ji, 'yar uwa, muna nan." In sake, in sake. In sa fuskata kusa da tata don ta ga leɓena. Sai ta zuba mini ido kawai, wani lokaci ma ta kalle ni da gefen idon nan nata, har in ce a raina ko ciwo bai raba ta da harara ba.

Da na ga wata shida sun wuce babu ko uffan, sai na tuna da garejin McLeansville. Na ce idan ta ji muryarta da kanta, wataƙila bakin ya tuna hanya. Ko bai tuna ba, ni dai ina so in sake jin muryar nan, don na fara kasa tuna yadda take faɗin sunana. Na tuƙa na je. Mutumin ya gane ni, ya yi ta sosa ƙeya. Ya ce yarinyar ce ta dawo ta ce a cire muryoyinmu da ƙwarya a bar tata, a kanta aka gina sabon faifan. Ya ajiye namu na ɗan lokaci, da kwamfutarsa ta cika ya tambaye ta, ta ce ya goge.

A ƙofar garejin na kira ta. Sai a kira na huɗu ta ɗauka.

"Kin sa an goge muryar Anti," na ce.

"Yaya, wallahi ban san za ta yi ciwo ba. Na ɗauka kuna da copy."

"Kin tambaya?"

Na ce mata duk duniyar nan wuri ɗaya muryar matar da ta raine ta ta rage, ita kuma ta share shi kamar an share ƙasan tukunya. Ta fara kuka. Na kashe wayar, don kukanta ma da daɗin ji yake, kuma wannan ya ƙara mini haushi.

Wata goma sha huɗu Anti ta yi ba magana. A lokacin zafi na dubu biyu da bakwai aka gayyace mu suna a Sedgefield, gidan wata Hajiya matar likita, ƙaton gida mai kallon filin wasan gwalf. Na so in ƙi zuwa da na ji an gayyato autar daga Atlanta, amma Anti ta ga katin ta dafe shi da hannunta mai lafiya ta ƙi saki. Na yi mata wanka, na ɗaura mata kallabi yadda take so, muka tura kekenta har cikin falon, kusa da taga.

Bayan la'asar tauraruwa ta iso da dogon takalmi da akwatin lasifika. Ta durƙusa ta gaida Anti, ta ce mini, "Yaya, ina wuni," na ce lafiya ina kallon bango. Tana cikin haɗa wayoyi sai kakar jaririn, wata dattijuwa da ta zo daga Damagaram don wankan jego, ta ɗaga hannu ta nuna lasifikar.

"Ku fidda min wannan aparai," ta ce. "Sunan jikana ne, ba gidan rawa ba. In waƙa za a yi, a yi ta da baki kamar yadda aka yi wa uwarsa."

Babu mai musa wa dattijuwar. Aka ja lasifikar zuwa baranda. Yarinyar ta tsaya a tsakiyar falo ba faifai, ba ƙwarya, ta juyo ta kalle ni. Na naɗe hannuwana a ƙirji. Matan da ke wurin duk sun san labarin garejin, don ban ɓoye wa kowa ba, kuma duk suka kalle ni su ga abin da zan yi. Ta fara tafi ita kaɗai, ta ja numfashi, ta jefo.

"Na yi kira daga nesa, ko da mai ji na?"

Babu wadda ta amsa. Mata kusan arba'in, kowacce ta san amshin nan kamar sunanta, amma ba ka jin komai sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji har cikin ƙashina. Na ce a raina, yau ki amsa wa kanki mu gani. Ta sake jefowa, muryar ta ɗan karye a ƙarshe. Shiru. Na ga gumi a saman leɓenta. A wurinmu babu wulaƙancin da ya kai a bar wa mai ja baitinta ya faɗi ƙasa, kuma na so ta ɗanɗana shi har ƙarshe.

Ta jefo na uku, a hankali, kamar mai shirin zama. Ta sauke bakinta. Sai daga kusa da taga aka ce, "Muna ji, 'yar uwa, muna nan."

Muryar a shaƙe take, rabin bakin ne kawai ke motsi, amma kalmomin sun fito ɗaya bayan ɗaya, kuma sun faɗo daidai inda ya kamata, ba gaggawa ba jinkiri. Hannun Anti na hagu yana buga hannun keken. Wata ta yi salati, wata ta fashe da kuka. Yarinyar ta zube a gwiwa ta sake jefo baitin tana hawaye, Anti ta sake amsawa, sannan ta juyo ta kalle ni da gefen ido. Na san wannan kallon, na makara ne. Na buɗe baki na shiga amshin.

A nan tsaye na gane abin da na yi. Wata goma sha huɗu ina rera wa matar nan amshi ina jiran ta bi ni, ita kuwa tana jiran a kira ta. Ita ta kafa dokar, ni ta koya wa, kuma ko sau ɗaya bai zo mini a rai in jefa mata baitin ja ba, saboda ja ba nawa ba ne. Hararar da take yi mini a banɗaki ba ta ciwo ba ce, cewa take na shigo ba a kira ni ba. Na ji haushin kaina, na ji haushin dokar, amma wanda ya fi ci mini rai shi ne wannan: ni na wanke ta, ni na juya ta a gado, ni na bar barcina, amma kalmarta ta farko wadda ta goge ta ce ta samu.

Mata suka yi ta rungumar yarinyar, wai ta buɗe bakin Anti, wai albarka ce ta biyo ta. Ta riƙe hannun Anti ta yi alkawarin za ta riƙa zuwa duk ƙarshen wata. Ta zo sau biyu. Daga nan ta koma Atlanta gaba ɗaya, ta fitar da faifai na biyu, ta aiko mana da shi ta gidan waya da sa hannunta a bango. Ban buɗe ledar ba.

Washegarin sunan, da na zaunar da Anti a kujerar wanka, na tsaya a gabanta da soso a hannu ina jin kunya kamar ba mu biyu kaɗai ba ne. Muryata ba ta ja ba ce, ƙasa take, ba ta tashi. Na daure na jefo baitin. Ta yamutsa fuska, don ko a wannan halin ba ta yarda da waƙar banza ba, amma ta jira na sauke, ta amsa. Magana ba ta taɓa dawo mata ba. Amshin nan kaɗai ya rage, kuma sai an kira.

Shekara uku muka yi a haka kafin Allah Ya karɓi abarsa. Kullum da safe ni ke kira, ita ke amsawa, ban fasa ba ko ranar da nake zazzaɓi. Mutane suna cewa in yafe wa yarinyar tunda Anti ma ba ta riƙe ta ba. Su ba su tsaya a banɗakin nan ba. Duk safiyar Allah ni ce a gabanta da soso a hannu, ni ce na yi kiran, amma idan za ta amsa, ƙofa take kallo.